Darasi na 11: Duba Gidan da Aka Yi wa Kwaskwarima Kafin a Saya

Manufar darasi: A ƙarshen wannan zama kowace mamba za ta iya bambance gyaran gaskiya da kwaskwarimar rufe aibi, ta san mutanen da za ta tambaya, ta kuma san takardun da za ta gani kafin ta saki kuɗinta.

Lokaci: Awa 1 da rabi. In ya yi yawa a raba shi zama biyu.

Kayan aiki: Tocila, doguwar ƙusa, tsinken ashana, bokitin ruwa, littafi da biro.

Gabatarwa

A darussan baya mun yi magana a kan zubi, da rance, da rabon kuɗi a ƙarshen zagaye. Yau za mu taɓo abu mafi nauyi da mace kan yi da kuɗin rabonta, wato sayen gida.

Wannan tsari na asusu da muke bi, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya samo asali a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara. Da ɗan zubin mako aka fara. To yau ga shi, a ƙungiyoyin da nake zagayawa daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ina haɗuwa da matan da suka tara rabon shekara uku ko huɗu, suka haɗa da kuɗin raguna da na shinkafa, suna cigiyar gida. Wata mijinta ya rasu, tana neman inda za ta zauna da marayunta. Wata ɗakunan haya take so a kusa da kasuwa. Wata kuwa ɗanta ne zai yi aure.

Akuya in kin saya ta zo da ciwo, asarar 'yan watanni ce. Gida in ya zo da ciwo, gumin shekaru ne ya tafi. Kuma gidan da ya fi saurin ruɗar mai saye shi ne wanda aka gama yi wa fenti jiya.

Gyara iri biyu ne

Kada wata ta ce na ce duk gidan da aka gyara na algus ne. A'a. Akwai mai gyaran gida don ya zauna, sai lalura ta taso ya sa shi a kasuwa. Shi wannan inda ya lalace ya gyara: katakon rufi, gindin bango, masai. Akwai kuma mai gyara don ya sayar. Shi inda ido ke sauka yake bi: fentin ƙofar gida, filastar waje, sabon silin, ƙila da tayil a ɗaki ɗaya.

Kuɗin fenti da silin bai kai na canza katakon rufi ba, balle na tayar da bango. Ga mai son riba, rufe aibi ya fi gyara shi sauƙi. Saboda haka duk abin da kika ga sabo ne a tsohon gida, tambaya ɗaya za ki riƙa yi wa kanki: me ke ƙarƙashin wannan? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ba mai ɗakin ba ce tukuna, sai kin nemo yoyon da kanki.

Yaushe za ki je, da wa za ki je?

Yawancinmu da kaka kuɗi ke shigo mana, masu sayarwa ma sun san haka. Amma da rani kowane gida lafiyayye ne. Yankinmu na kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, musamman wajen Doguwa da Riruwai. In da hali, ki ga gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In cinikin ba zai jira damina ba, sai ki dogara da alamomin da zan lissafa da kuma bakin maƙwabta.

Ki je da rana tsaka, kada ki yarda da dubawar bayan la'asar sakaliya. Ki je aƙalla sau biyu. Ki nemi izinin maigida, ki tafi da shi ko da wani muharraminki, da mamba ɗaya ko biyu daga ƙungiya. Sannan ki ɗauki magini naki na kanki, ki biya shi kuɗin yininsa. Kada ya zama wanda ya yi gyaran, kada kuma ya zama wanda dillali ya kawo. Dillali sai an yi ciniki yake samun la'ada, kin ga ba shi zai ce miki ki fasa ba.

Kuma ki je da ƙafarki. Aike ba ya wadatarwa a nan, domin ke kika san inda ruwan wanke-wanke zai bi, da inda hayaƙin madafi zai nufa.

Bango

Ki fara tambaya kai tsaye: ginin ƙasa ne ko na bulo? Gidaje da yawa a garuruwanmu na tubali ne aka lulluɓe da filastar siminti, daga waje sai ki rantse bulo ne. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, kakanninmu a ciki suka rayu, amma kuɗinsa daban ne, kada a karɓi na bulo a hannunki. Ki dubi kaurin bango a bakin ƙofa ko taga, ki leƙa bayan gida da saman bango inda filasta ba ta kai ba.

Siminti da ƙasa ba sa daɗewa a manne. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta tsuke, shi kuwa siminti ba ya motsi. A hankali sai filastar ta saki bangon, ruwa ya riƙa shiga ta baya yana cin ginin ba wanda ya gani. Ki bi bango kina ƙwanƙwasawa da kan ƙusa. Inda ya kama za ki ji ƙara a dunƙule. Inda ya saki za ki ji kamar kina buga ƙwarya a kife. Ki fi mai da hankali a bangon gabas, domin a ƙasarmu daga gabas hadari ke tasowa, wannan bangon ne ke shan dukan ruwa.

In na bulo ne, ki samu inda ba filasta ki karta da ƙusa. In yana zuba kamar gari, an yi ƙwauron siminti, yashi ya yi yawa.

Sai ki durƙusa ki dubi gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa. Fenti mai kumbura, ko wani farin abu kamar kanwa, ko warin ruma a ɗaki, duk alamar danshi ne yana hawowa daga ƙasa. Fenti ba ya maganinsa, bayan damina ɗaya zai dawo.

Tsagewa kuma iri biyu ce. Siririya kamar gashi a fuskar filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, tsinken ashana yana shiga cikinta, kuma kina ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, wannan daga fandisho take, ƙasa ce ke zaunawa. In an toshe ta, za ki ga layin sabon siminti ya ɗan taso a ƙarƙashin fenti. Ki haska tocila a jikin bangon ta gefe, zai fito. Ki buɗe kowace ƙofa da taga ki rufe. Wadda ke cijewa, ko aka fafe gefenta don ta rufu, tana gaya miki bango ya motsa.

Rufi

A nan aka fi cutar mutane. Sabon silin yana da kyau, amma shi ke ɓoye katako. Ki ce a cire falle ɗaya maginin ki ya leƙa da tocila. Mai gidan da ya ƙi, ya riga ya ba ki amsa.

Ga abin da za a duba a can sama:

1. Gara. A nemi hanyar ƙasa da take ginawa a jikin katako. A soka ƙusa, in ta shige ba wuya, ciki ya zama hoto. A duba ko an shafa wa katakon baƙin mai ko maganin gara.
2. Kwano. A kashe tocila a dubi sama. Duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai ɓullo. Tsohon kwano akan yi masa fenti ta sama, amma tsatsa tana nan ta ciki. A lura da tsofaffin ramukan ƙusa da aka liƙe da kwalta.
3. Ɗauri. A ga ko an ɗaure katakon rufi da bango da rodi ko langa-langa. Rufin da aka ɗora kawai aka danne da duwatsu, iskar farkon damina ba ta barinsa.

In rufin soro ne, ki dubi azara, ko ta lanƙwasa ko ƙwaro ya ci. A hau sama a ga ko akwai inda ya lotsa ruwa ke kwanciya, a ga ko indararo yana jefa ruwa nesa da bango ko a gindinsa yake zubarwa.

Ƙasa, ruwa da masai

Ki tsaya a ƙofar gida ki dubi layi. Tsakar gidan ce ta fi tudu ko hanya? In hanya ta fi, ruwan unguwa naki ne. Dogon dakali da aka gina a bakin zaure don tare ruwa shi ma labari yake bayarwa. Ki kwarara bokitin ruwa a tsakar gida ki bi shi da ido: ya nufi rariya ya fita, ko ya koma gindin ɗaki? In ya fita, ina ya shiga? Rariyar da ke zuba a gidan maƙwabci, rigima ce kika saya.

A garuruwan da ke kusa da dam ɗin Tiga, da tafkin Bagauda, da duk inda ke bakin fadama, ki tambaya ko ruwa na tsattsafowa a ɗakuna da damina, ko masai na cika da ruwa. A wajen duwatsun Riruwai da wuraren gangare kuwa, ki zagaya bayan gida ki ga ko zaizaya ta fara tono gindin katanga.

Ki tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini. Kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai, yakan ɗauki shekaru yana zaunawa. Haka tsohuwar rijiya ko tsohon masai da aka binne aka yi daɓe a sama. Ki bi daɓen kina buga ƙafa. Inda ya lotsa ko ya yi ƙarar rami, a tsaya a bincika, don ran yara ake magana.

Kada kunya ta hana ki shiga makewayi. Ki haska ramin ki ga saura nawa ya cika, ki ga ko murfin ya tsage. Ki auna tazararsa da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar kada ta gaza mita 30, kamar taku 40 ke nan, kuma masan maƙwabta ma yana cikin lissafi. In tazarar ba ta kai ba, ki sa a ranki ruwan rijiyar na wanki ne, na sha sai kin nemo. Ki kuma tambaya ko tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu.

In akwai wutar lantarki, mai gyaran wuta ya duba wayoyi, a kuma nuna miki shaidar ba bashin kuɗin wuta a kan gidan.

Makamin da maza ba su da shi

Ga wata dama da Allah ya ba mu. Maigidanki da magini da dillali, iyakarsu zauren maƙwabta. Ke kuwa da sallama kawai kin shige har tsakar gida. Matan unguwa su suka ga ranar da aka kwashe kayan ɗaki saboda yoyo, su suka ji faɗan magada, su suka san dalilin tashin masu haya.

Ki shiga gida uku: na dama, na hagu, da na baya. Kada ki ce, "Gidan nan yana da matsala?" Ba mai son a ce ita ta ɓata cinikin maƙwabci. Ki gaisa, ki sha ruwa, sannan ki ce, "Inna, da damina ta ina ruwan layin nan yake bi?" Ko, "Yaya, waɗanda suka zauna a nan da, ina suka koma? Ina so mu gaisa." In kin samu matar da ta taɓa zama a gidan, kin gama rabin bincike.

A wata ƙungiya da nake kula da ita, wata mamba ta ga gida fes, har an tsayar da kuɗi. Da ta shiga maƙwabta, wata tsohuwa ta ce mata, "'Yar nan, ɗakin kudu dai kada ki kwantar da yara a ciki, bara bangonsa ya zube aka tayar." Da aka koma da magini, sai ga shi rabin bangon kawai aka tayar, sauran tsohon ne aka shafe. Ba ta fasa saye ba, amma sai da aka rage mata kuɗin tayar da bangon gaba ɗaya.

Mai sayarwa da takarda

Gida yana iya zama lafiyayye ciniki ya zama marar lafiya. Kafin ki ba da ko kafin alƙalami, ki samu amsar waɗannan:

- Na waye? Ki ga mai gidan ido da ido. Ya nuna takardar da ya saya da ita, ko shaidar yadda ya same shi.
- Na gado ne? In na gado ne, an raba? Sau da yawa ɗa namiji ɗaya ke gyara gidan ya sa a kasuwa, alhali akwai 'yan uwa mata da ke aure a wasu garuruwa, ko marayu ƙanana. A nuna miki takardar rabon gado ta kotun shari'a, ko duk magada su zo su sa hannu. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya kuɗin da kika biya ya karɓe kason da aka sayar miki.
- An jinginar da shi? Ki tambayi mai unguwa ko akwai bashi ko shari'a a kansa.
- Ina iyakarsa? A zagaya da maƙwabta na kowane ɓangare, a auna, a rubuta.
- Wurin na gini ne? Gidan da ya shiga filin titi, kamar a bakin hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Kano zuwa Jos, ko yake ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko a kan burtali, ko filin makaranta, ko cikin iyakar dajin Falgore, ana iya rushe shi ko a tashe ki.

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka. Saboda haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu ita ce matakin farko, kada a tsaya a nan. A je sashen ƙasa na sakatariya, a Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Riruwai ga mutanen Doguwa, a tambayi yadda za a mayar da takarda da sunanki.

Na ce da sunanki. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, da aure ko ba aure. Maigida ko wanki yana iya tsaya miki a wajen ciniki, wannan mutunci ne, amma a rubuta shi wakili, ke ce mai saye, da cikakken sunan da ke katinki na ɗan ƙasa. Ba rashin yarda ba ne. Rai da mutuwa ake dubawa: in ya riga ki, gidan da ke da sunansa ya shiga gado, har da waɗanda ba su san wahalar zubinki ba. Rubutu da kafa shaidu kuwa umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

In ba kya karatu, sakatariyar ƙungiya ta karanta miki takardar da ƙarfi kafin ki dangwala. Ki sa a rubuta cewa mai sayarwa ya bayyana duk aibin da ya sani. Shari'a ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye damar neman ragi ko mayar da kaya in babban aibi ya fito daga baya. Amma wanda kika gani kika yi shiru kika biya, kin yarda da shi ke nan. Ki biya ta banki ko a gaban shaidu, ki karɓi rasit, ki yi hoton takardun ki ajiye a wuri biyu.

Lissafin kuɗin gida na gaskiya

Kuɗin gida shi ne abin da kika biya, haɗe da abin da za ki kashe kafin ki kwana a ciki da kwanciyar hankali. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowace ƙungiya ta sa farashin garinta.

*Gida na farko, mai sabon fenti da silin:* ciniki N1,800,000, la'ada N90,000, takardu N30,000, canza katako da kwano N350,000, gyaran bango N160,000, sabon masai N120,000. Jimla N2,550,000.

*Gida na biyu, ba fenti amma gininsa lafiya:* ciniki N2,000,000, la'ada N100,000, takardu N30,000, filasta da fenti N150,000. Jimla N2,280,000.

Kun ga wanda ya yi kama da mai araha ya fi tsada da N270,000. Duk aibin da magini ya gano, ya faɗi kuɗin gyaransa, ki rubuta, da shi za ki nemi ragi.

Abu ɗaya kuma: kada ki ci rancen akwati don cike kuɗin gida. Rancenmu na 'yan watanni ne, don sana'ar da ke juyawa aka yi shi. Gida ba ya dawo da kuɗi a wata uku. Kada kuma ki zuba jarinki gaba ɗaya, ki shiga sabon gida ba abin zubin mako.

Aikin rukuni (minti 25)

A kasu gida uku. Rukuni na farko su ɗauki ƙusa da tocila su duba bango da rufin gidan da muke taro, da izinin masu gida. Na biyu su ɗauki bokiti su duba tsakar gida, su auna taku tsakanin masai da rijiya. Na uku su yi ɗan wasa: ɗaya dillali, ɗaya mai saye. Dillali ya ce, "Hajiya, wani Alhaji na zuwa da kuɗi gobe, in kina so ki ba da wani abu yau." Mai saye ta gwada amsawa cikin ladabi: "Malam, na gode. In rabona ne zai jira magini ya gani. In ba rabona ba ne, Allah ya sa alheri." Kowace mamba ta faɗa da bakinta sau ɗaya, don ranar da za ta buƙace shi kada harshe ya yi nauyi.

Tambayoyin tattaunawa

1. A garinmu, wace unguwa ce ruwa ya fi damu da damina?
2. Wane magini muka yarda da gaskiyarsa, da za mu riƙa kira in mamba za ta sayi gida?
3. Me za ki ce wa maigida in ya ce a rubuta gidan da sunansa?
4. Wane aibi ne za a iya saye a gyara, wane ne kuma in an gani sai a haƙura?

Kafin zama na gaba

Kowace mamba ta duba ɗakinta da waɗannan hanyoyi, ta zo mana da abu ɗaya da ta gano. Sakatariya ta rubuta sunayen mata biyu da za su riƙa raka duk mai shirin sayen gida ko fili. Darasi na gaba a kan ba da haya ne da yadda ake rubuta yarjejeniya da ɗan haya.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa, ya ba kowaccenmu muhalli na halal mai kwanciyar hankali. Amin.